Duman sarkin Sin: ƙwaryar da ake yi wa zane tun tana jikin yaɗo

Manoma da masu karatu, babu gidan da ba a san duma ba a ƙasarmu. Daga gare shi muke samun ƙwaryar fura, da ludayi, da masaki, da gorar makiyayi, da kurtun tawadar almajiri. Mun saba a bar duma ya nuna, ya bushe, a fafe shi, sa'an nan mai zane ya ɗauki wuƙa ko ƙarfe mai zafi ya yi masa ado.

A ƙasar Sin akwai wata dabara dabam. Can ana yi wa duma ado tun yana ɗanye, yana rataye a jikin yaɗonsa. Ba a sa masa wuƙa. Ana kulle shi cikin mazubi, wato wani abu mai rami a ciki kamar wanda masu buga bulo suke zuba laka. Duman ya yi ta girma a ciki har ya cika ramin, ya ɗauki siffarsa da dukan zanen da ke jikinsa. Ranar da aka buɗe, sai a ga tulu mai kusurwa huɗu, ko akushi mai furanni, ko ɗan akwati mai rubutu. Sarakunan Sin sun ƙaunaci wannan aiki ƙwarai. Waɗanda aka yi musu shekaru 300 da suka wuce suna nan har yau, wasu a gidajen tarihi, wasu a hannun attajirai masu tara kayan da.

Duman nan namu ne

Kada mai karatu ya zaci wani baƙon tsiro ne. Irin dumanmu ne sak, mai farin fure da ke buɗewa da dare. Masana tsirrai sun ce asalin duma Afirka ne, kuma a shekarar 2004 an ba da labarin samun na daji a ƙasar Zimbabuwe. Amma ya daɗe da isa Asiya. A wani tsohon kufai na Sin mai suna Hemudu, masu tonon tarihi sun sami ƴaƴan duma da suka kai wajen shekara 7000.

Mutanen Sin suna ce wa duma hulu. A kunnensu wannan suna ya yi kama da kalmomin da ke nufin sa'a da samun abin hannu, don haka suke ba juna shi kyauta. Yawan ƴaƴan da ke cikinsa kuma alama ce ta yawan zuriya. Masu maganinsu na da a cikin gora suke ajiye magani, har rataye gora a ƙofa ya zama alamar gidan mai magani.

Sarki manomi

Talakawa ne suka fara sa duma cikin mazubi, tun kafin abin ya shiga fada. Littattafan zamanin daular Ming, wadda ta faɗi a 1644, sun ambaci duma mai kusurwa da duma mai rubutu a jiki. Amma wanda ya ɗaga sana'ar shi ne sarki Kangshi na daular Cing. An naɗa shi a 1661 yana ɗan yaro, ya yi shekara 61 a kan gado, ya rasu a 1722.

Kangshi mutum ne mai son noma. A yamma da fadarsa ta birnin Bejin yana da lambu mai suna Fengzeyuwan, inda ake shuka shinkafa a gaban idonsa. A nan ne wata shekara ya lura da wata zangarniya da ta riga sauran nuna. Ya sa aka ware ta, aka yi ta shuka irinta shekara bayan shekara, har aka sami shinkafa mai saurin nuna wadda aka rarraba wa manoma. Duk manomin da ya taɓa ware zangarniyar hatsi mai kyau don iri ya san abin da sarkin nan ya yi.

A lambunan fadar nan aka kafa rumfunan duma. Masassaƙan fada suka yi mazubai, masu lambu suka yi reno. A gindin kowane abu da ya fito da kyau akwai haruffa huɗu na rubutun Sin, ma'anarsu: sarki Kangshi ya duba ya ji daɗi. Haruffan nan su ma ba rubuta su aka yi ba, tare da duman suka girma.

Jikansa sarki Ciyanlong, wanda ya yi mulki daga 1735 zuwa 1796, ya tarar da kayan kakansa a taskar fada, ya sa aka ci gaba da aikin. A zamaninsa aka yi tuluna na furanni, da kwanoni, da faranti, da mazubin alƙaluma, da ƙananan kwalaben garin taba. Ya rubuta waƙoƙi na yabon su, yana kuma ba manyan baƙi su kyauta. Sarki ne mai zinariya da tangaran iya son ransa, amma ya zauna yana yi wa duma waƙa.

Yadda ake yin aikin

A nan ne ya kamata manomi ya buɗe kunne, domin rabin aikin sassaƙa ne, rabi noma.

Mazubin farko na itace ne mai ƙarfi da laushin sassaƙa. Ana yanka shi gida huɗu, ko shida, ko takwas, a ƙwaƙule cikin kowane yanki, a sassaƙa zane a ramin. Sai a haɗa yankunan a ɗaure su da zoben ƙarfe. Zanen da aka nutsa a jikin itace shi ne zai fito tudu a jikin duma. Ga wani abu da ɗaliban yaƙi da jahilci za su gane da sauri: dole a sassaƙa rubutu a juye, kamar na hatimi, don ya fito daidai. In masassaƙi ya manta ya rubuta shi yadda aka saba, aikin damana guda ya tafi.

Mazubin itace yana da tsada, kuma guda ɗaya duma ɗaya kawai yake ɗauka a shekara. Saboda haka daga baya aka koma ga yumɓu. Sai a sassaƙa siffar abin da ake so da itace, amma a gutsattsare, da sanda guda a tsakiya wadda ta riƙe sauran. A lulluɓe shi da yumɓu. In yumɓun ya sha iska, a zare sandar tsakiya, sauran gutsattsarin su saki, a fitar da su ɗaya bayan ɗaya. A gasa yumɓun kamar yadda maginiya take gasa tukunya. Da siffar itace guda ana iya yin mazubin yumɓu masu yawa.

A gona kuwa, ba a barin duma ya yi yaɗo a ƙasa kamar yadda muke yi. Rumfa ake kafa masa ya hau, ƴaƴan su riƙa reto. Duma yana da fure namiji da fure mace. Da maraice mai lambu yakan tsinki namijin ya goga a kan macen, don kada ya dogara ga ƙwarin dare kaɗai. Bayan fure ya faɗi, ɗan duma ya fara tasawa, sai a zura shi ta bakin mazubi tun yana iya shiga. A rataye mazubin da igiya a jikin rumfa, don nauyinsa kada ya tsinke mariƙin duman. Sauran ƴaƴan da ke wannan yaɗo a cire mafi yawansu, domin ƙarfin tsiron ya tattaru wuri guda.

Daga nan sai jira. Mai lambu ba ya ganin abin da ke faruwa a ciki. In duman ya yi rauni, ba zai cika mazubi ba, zane ya fito rabi da rabi. In ya yi ƙarfi da yawa, ya fasa mazubin, ko ya kutsa ta tsagar da ke tsakanin yankuna ya fito da ƙari. In ruwan sama ya kwanta a ciki, ya ruɓe. In tsutsa ta shiga, ba mai sani sai ranar buɗewa. Wani babban ma'aikacin fadar Ciyanlong mai suna Shen Cu ya rubuta cewa cikin ɗaruruwa, kai har dubbai, ɗaya ko biyu ne ke fitowa ba aibi. Ko da ya ɗan ƙara gishiri, maganar ta nuna irin asarar da ake yi. Samun guda biyu masu kama da juna, waɗanda za a jera a ɗaki, ya fi wuya.

Da kaka, in yaɗo ya bushe, sai a sauke. Na itace a kwance zobe, na yumɓu a fasa shi a hankali. A kankare fatar sama mai kore da ɗan siririn itace, domin in an bar ta, tabo zai kama jikin. A shanya har ya bushe sarai, a yanke baki, a kwashe ciki. Kayan fada ana shafe cikinsu da baƙin ƙaro na wata itaciya ta ƙasar, wanda in ya bushe ruwa ba ya ratsa shi. Wani lokaci a yi zanen zinariya a kan baƙin. A bakin kuma a sa zobe na hauren giwa, ko ƙoƙon kunkurun teku, ko itace mai daraja.

Muna da sunan sarakunan, muna da sunan ma'aikacin da ya ba da labari. Masu lambun da suka yi ta ban ruwa da tsinke fure, hatimin bai ambace su ba. A ganinmu su ne masu aikin.

Gidan gyare

Bayan Ciyanlong, arzikin fada ya ja baya, manyan tuluna suka ragu. Sana'ar ta koma gidajen ƴaƴan sarki da ƙauyukan da ke kewaye da Bejin, ta kuma koma ga wani ƙaramin abu da zai ba mai karatu dariya: gidan gyare.

Mutanen Bejin suna son kukan gyare da na wani ƙwaro mai kama da fara. Sanyin garinsu kuwa mai tsanani ne, har ruwa yana daskarewa, ƙwari su mutu. Sai wasu suka koyi ƙyanƙyashe su cikin ɗaki mai ɗumi, suna sayarwa da hunturu. Wanda ya saya yakan sa ƙwaronsa cikin ɗan duma mai murfi mai huda-huda, ya cusa cikin rigarsa wajen ƙirji. Ɗumin jikin mutum ya raya ƙwaron. Duma ba shi da nauyi, yana riƙe ɗumi, kuma yana ƙara wa sauti zaƙi, kamar yadda ƙwarya take yi a jikin goge da gurmi. Dattawa sukan taru a gidan shayi, kowa ya fito da nasa, a yi ta saurare.

A nan ne sunan manomi ya fito. A tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani mutum a gundumar Sanhe, gabas da Bejin, ana ce masa Liyu na Sanhe. Dumansa ba su da zane ko kaɗan. Yakan shimfiɗa takarda cikin mazubin yumɓu, shi ya sa ake ganin alamar ninkin takarda a jikinsu. Abin da ya sa aka so su shi ne bayansu da ƙarfi, cikinsu da taushi, sai kukan ƙwaro ya fito da kauri. Masu kiwon gyare suka fifita su a kan masu ado na gidan sarauta. Har yau sunansa yana sa kuɗin duma ya hau, kuma saboda haka ne ake yawan jingina masa abin da bai shuka ba.

Yadda sana'ar ta kusa mutuwa

Sarautar Sin ta ƙare a 1912. A 1924 aka fitar da sarki na ƙarshe daga fada, a 1925 aka mai da fadar gidan tarihi. A shekarun rikici na kafin haka da na bayansa, kayan fada da yawa sun fita, ta hanyar ganima, da sata, da sayarwa, suka watsu har Turai da Amurka. Yaƙe-yaƙe suka biyo baya. Daga 1966 zuwa 1976 kuma aka yi wani juyi a ƙasar wanda ya ɗauki kayan da a matsayin abin ƙyama, aka farfasa da yawa. Masu sa duma cikin mazubi suka kusa ƙarewa.

Wani malami ɗan Bejin, Wang Shishiyang, wanda aka haifa a 1914 ya rasu a 2009, shi ya tsaya wa abin. Tun yana saurayi yake kiwon gyare da tantabaru, yana zama da masu lambu yana tambayarsu. A 1979 ya buga bayani a kan kayan duma a mujallar gidan tarihin fada, a 1993 kuma ya fitar da littafi guda a kan duma, da harshen Sin da Ingilishi. Manoma suka karanta, wasu suka sake kafa rumfa. Ku duba amfanin rubutu: abin da ke kan tsofaffi kaɗan ya shiga takarda, ya kai ga waɗanda ba su taɓa ganinsu ba. Yau ana noman duma na ado da yawa a wajen Tiyanjin da kuma Liyawceng ta lardin Shandong, kuma a 2008 gwamnatin Sin ta sa sassaƙar duma ta Liyawceng cikin jerin sana'o'in gado da take karewa.

Kasuwar kayan da

Sabon duma fari ne mai ɗan rawaya. In ya shekara yana shan hannu, sai ya koma ruwan zuma, daga nan ya yi ja mai duhu yana sheƙi. Matanmu masu jeren ƙwarya a ɗaki sun san wannan launi. Shi mai saye yake fara dubawa. Sa'an nan ya duba ko zanen ya fito tsaf, ya nemi layukan da tsagar mazubi ta bari, ya duba hatimin gindi, ya leƙa ko ƙwaro ya huda. Daga ƙarshe ya tambayi hannun da abin ya bi kafin ya zo gare shi. Wanda aka san tarihinsa ya fi wanda ya faɗo daga sama kuɗi nesa ba kusa ba.

Manyan gidajen gwanjo irin su Sotheby's da Christie's suna sayar da irin waɗannan kaya a Hongkong da Landan da Niyok. A 2003 an yi gwanjon kayan da Wang Shishiyang da matarsa suka tara, guda 143, a birnin Bejin. Ba wanda ya kwana, kuma kuɗin ya haura yuwan miliyan 63. Akwai duma a ciki, amma kada a ruɗe: mafi yawan kuɗin na tsofaffin kayan kiɗa ne da na tagulla da sassaƙa.

Inda kuɗi ya shiga, algus yana biye. Tun da an sake gane dabarar, mai wayo yana iya sassaƙa sunan Kangshi a mazubi, ya shuka bana, ya girbe bana. Sai ya jiƙa duman da ruwan shayi, ko ya turara shi da hayaƙi, ya shafa mai, ya ce daga fada ya fito. Masana suna cewa launin rini yakan kwanta bai ɗaya, ko ya taru a cikin ramukan zane. Na shekaru kuwa ya fi duhu da santsi a inda yatsu suka saba taɓawa. Duk da haka ana cutar har waɗanda suka daɗe a kasuwar.

Akwai kuma maganar haure. Murfin da yawa daga cikin gidajen gyare na hauren giwa ne, kuma neman haure ya hallaka giwayen Afirka masu yawa. A 1989 ƙasashen duniya suka hana cinikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa, Sin kuma ta rufe kasuwarsa ta cikin gida a ƙarshen 2017. Saboda haka tsohon duma mai bakin haure yana da wuyar ƙetare iyaka, masu yin sababbi kuma sun koma ga itace da ƙaho.

In wani yana so ya gwada

Muna faɗa tun da wuri: kuɗin da ake zubawa a gwanjo na tsufa ne da sunan sarki. Duman da aka girbe bana ba zai samu wannan ba, ko a Sin. Kada kowa ya rage gonar hatsinsa saboda labarin nan. Amma dabarar ba ta fi ƙarfinmu ba. Muna da iri, muna da maginan tukwane, muna da masassaƙa. A lokacin da kwanon roba yake korar ƙwarya daga kasuwa, ludayi ko jallo mai sunan amarya a jiki abu ne da roba ba ta kawo ba tukuna.

Mai son gwaji ya fara da gindi biyu ko uku a bayan gida, inda duma zai hau danga ko rumfa. Ya zaɓi ƙaramin iri, na kurtu ko na jallo. Hanya mafi sauƙi ba ta bukatar mazubi: a ɗaure ɗanyen duma da igiya mai ƙarfi kamar raga, in ya girma sai ya kumbura tsakanin igiyoyin ya yi gida-gida. Mutanen Sin ma suna yin haka. Wanda ya ci wannan, sai ya je wurin maginiya ta yi masa mazubin yumɓu ɓari biyu, da ƴar huda a gindi don ruwa ya fita, a gasa, a ɗaure da waya. Mazubin ya ɗan fi girman da duman ya saba kaiwa ƙanƙanta, domin ya cika shi. A rufe bakin da ganye ko tsumma saboda ruwan sama. Kada a yi da kwalba: rana tana dafa duman a ciki, kuma ranar fasawa tana yanka hannu.

Sai a kiyaye lafiya. Cikin duma mai ɗaci guba ne, yana sa amai da zawo mai tsanani. Kada a zubar da shi inda yara ko bisashe za su kai baki. Sabuwar ƙwarya a jiƙa ta, a yi ta sauya ruwa har ɗacin ya fita, kamar yadda iyayenmu suke yi. Mai kankare busasshen duma ya yi aikinsa a fili, ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle, domin ƙurar da funfunar da ke jiki suna shiga ƙirji su sa tari. Ƙaron da mutanen Sin suke shafawa babu itaciyarsa a nan, kuma ɗanyensa yana sa ƙuraje. Kada a maye gurbinsa da fentin mota ko na ƙofa a cikin abin da za a ci ko a sha, domin wasu fentin suna da dalma, dalma kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yara.

Mazubi kuma a tanade shi tun da rani, ya bushe, a gasa shi kafin ruwan farko. Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗan duma kuma kwanaki kaɗan ne yake yi kafin ya fi ƙarfin bakin mazubi.